Maki goman Everton: fili ne ya ci su, ko bashin da aka ci a gefensa?

Ranar Juma'a, 17 ga Nuwamba 2023, wani kwamiti mai zaman kansa a Ingila ya zaftare wa Everton maki 10 a gasar Firimiya. Ta wayi gari tana ta 14 a teburi da maki 14, kafin rana ta faɗi ta koma ta 19 da maki 4. Tun da aka fara gasar a 1992 ba a taɓa yi wa wata ƙungiya aski irin wannan ba. Mafi tsanani kafin nan shi ne maki 9 da aka cire wa Portsmouth a 2010, ita kuwa karyewa ta yi ƙarara, ta kasa biyan masu binta bashi.

A ƙauyenmu, nan tsakanin Ringim da Taura, bayani biyu ne suka yi ta yawo a majalisa da gidan kallo. Wasu suka ce an hukunta Everton ne don ta ɗauko ginin sabon fili, manya ba sa son na ƙasa ya ɗago. Wasu, masu bin labari a waya, suka ce ba haka ba ne, dokar kashe kuɗi daidai samu ba ta lissafa ko sisi na gini. Na biyun sun fi kusa da abin da ke rubuce. Amma wanda ya tsaya a nan bai ga inda aka fi kai ruwa rana ba, domin gardamar da ta fi zafi a gaban kwamitin a kan kuɗin ruwa aka yi ta, da abin da aka rubuta a takardar bashi ranar da aka karɓe shi.

Abin da dokar ta ce

Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ita ta fara. A 2009, lokacin shugabancin Michel Platini, ta amince da tsarin da ake taƙaita sunansa da FFP, ya soma aiki daga kakar 2011/12. Manufar a taƙaice: ƙungiya kada ta riƙa kashe abin da ya zarce samunta tana jiran wani attajiri ya toshe ramin. A 2013 Firimiya ta yi nata na gida, wanda aka fi sani da PSR, kuma shi ne ya kama Everton, ba na UEFA ba. Iyakarsa a lokacin fam miliyan 105 na asara a cikin shekara uku, muddin mai ƙungiyar ya zuba miliyan 90 daga ciki a matsayin jari, ba rance ba.

Sai dai ba kowace asara ake ƙirgawa ba. Ana ware abin da aka kashe a makarantar horar da yara, da ƙungiyar mata, da ayyukan taimakon unguwa, da kuma gine-gine: fili da sansanin atisaye. Hikimar a bayyane take. Attajiri idan ya tara 'yan wasa masu tsadar albashi sannan ya gaji ya tafi, ya bar wa ƙungiya nauyin da zai durƙusar da ita. Idan fili ya gina ya tafi, ya bar mata abin da zai ciyar da ita shekara hamsin.

A littafin lissafi ma ba wuri ɗaya suke zama ba. Kuɗin gini ba ya shiga shafin asara, ana rubuta shi a matsayin kadara, sai a riƙa rage darajarsa kaɗan-kaɗan duk shekara, wannan ragin kuma doka ta yafe shi. Ɗan wasa kuwa ana raba kuɗin sayensa ne a kan shekarun kwantiraginsa, kuma babu yafiya. Ɗauki Alex Iwobi: Everton ta saye shi daga Arsenal a 2019 a kan kimanin fam miliyan 28, kwantiragin shekara biyar. Kenan kowace shekara littafi na cin sama da miliyan biyar da rabi a kansa, ban da albashi, ko ya buga ko yana benci. Sayi irinsa goma, ka ga inda lissafin ya dosa.

Yadda aka kai ga ramin

Farhad Moshiri ya sayi kashi 49.9 na Everton a Fabrairun 2016, ya zo da kuɗi da gaggawa. Daga Ronald Koeman zuwa Sam Allardyce, Marco Silva, Carlo Ancelotti, Rafael Benitez, Frank Lampard, kowane koci ya zo da nasa tsarin, ya tarar da 'yan wasan da na baya ya saya, ba su dace da shi ba, ba su kuma sayuwa da daraja. Davy Klaassen, Cenk Tosun, Theo Walcott, Moise Kean, kowannensu ya ci fam miliyan 20 ko fiye. James Rodriguez ya zo da albashin manya. A shekara uku, 2019 zuwa 2021, asarar da ƙungiyar ta bayyana da kanta ta haura fam miliyan 370. Da tura ta kai bango, a bazarar 2021 abin da Benitez ya kashe a kasuwa bai wuce fam miliyan 1.7 ba, kuɗin Demarai Gray.

Ana cikin haka ne kuma ake neman barin Goodison Park, gidan da suke ciki tun 1892. Ba son burga ba ne. Goodison ba ya ɗaukar dubu 40, gidaje sun kewaye shi, ba inda za a faɗaɗa. Abin da Everton ke samu a lokacin a ranakun wasa a kaka guda bai kai fam miliyan 20 ba, alhali Tottenham a sabon filinta tana haura miliyan 100. Dokar kuwa da samu take auna ka. Ƙungiyar da ke son ta kashe da yawa bisa halal, dole ta fara ƙara abin da ke shigowa, fili kuma shi ne babbar ƙofa.

Wurin da suka zaɓa, Bramley-Moore, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Mersey. Sai da aka cike ta da yashin teku kafin a sa harsashi. Majalisar birnin Liverpool, garin Everton, ta ba da izini a Fabrairun 2021, aiki ya kankama a bazarar shekarar. (Birnin Liverpool ma ya biya nasa farashin: a Yulin 2021 UNESCO ta cire shi daga jerin wuraren tarihi na duniya, ginin filin na cikin dalilan.) An fara da ƙiyasin fam miliyan 500, aka ƙare a wajen 750 zuwa 800. Sannan yaƙi ya ɓarke. Kamfanin USM na Alisher Usmanov, abokin kasuwancin Moshiri, ya riga ya biya fam miliyan 30 a 2020 don kawai a ba shi damar farko ta sa wa filin suna. Da Rasha ta afka wa Yukren, Everton ta dakatar da hulɗa da kamfanoninsa a Maris 2022, wannan rijiya ta ƙafe.

Da aka zo lissafin shekarun da suka ƙare a kakar 2021/22, an yi wa Everton rangwame mai yawa. An cire asarar korona, an haɗa kaka biyun annobar an raba biyu an ɗauke su kamar shekara ɗaya. Har kuɗin da aka kashe a kan filin kafin a sami izinin gini, wanda a ƙa'idar lissafi ba ya shiga shafin kadara, hukumar gasar ta yarda tun 2021 a ware shi. Bayan duk wannan, asarar ta tsaya a fam miliyan 124.5. An haura iyaka da miliyan 19.5.

Bashin wa, don me

Ga inda abin yake. Kuɗi biyu ne suka shigo Everton a waɗannan shekarun. Akwai na Moshiri, rance ne marar ruwa, kuma da shi aka riƙa tura aikin filin. Akwai kuma wanda ƙungiyar ta karɓo daga banki da wani kamfanin ba da rance, mai ruwa, kuma takardunsa sun nuna na hidimar yau da kullum ne: albashi da sauran buƙatun gida. Everton ta ce a ware kuɗin ruwan nan, na fili ne. Hujjarta: da ba a gini, da kuɗin Moshiri ne zai biya albashin, da ba a je banki ba. Hukumar gasar ta ce ba ruwanta da "da", ga takarda.

Na fi gane wannan gardama a kan littafin mai gidan kallon garinmu, wanda nake riƙe masa tunda lissafi nake koyarwa a sakandare. Rumfar zana ce da shi shekara da shekaru, ruwa ya sauko a watse. Yayansa da ke kasuwanci a Kantin Kwari ya ce ya gina da bulo ya rufa kwano, ya ba shi kuɗi ba riba, ya kuma yi alkawarin duk abin da ya shafi gini shi zai ɗauka, amma mai da kuɗin tasha na wata-wata wannan na mai gida ne. Gini kuwa bai taɓa tsayawa inda aka ƙiyasta ba. Sai da ya haɗa da ajiyarsa kafin kafinta ya gama benci. Ana gamawa aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta haura naira 500. Ya koma karɓar mai bashi wurin ɗan bumburutu, wanda ke ɗora wani abu a kan kowace lita tunda ba hannu da hannu ba ne.

Ana saura kwana kaɗan yayan ya zo duba littafi, ya nuna min wannan ƙarin da yatsa.

"Malam, mayar da wannan shafin gini."

"Alhaji, ai mai ne. Ga hannunka, ga kwanan wata, ga adadin lita."

"To da ban zuba ajiyata a bulo ba, me zai kai ni cin bashin mai?"

"Gaskiyarka. Amma Yaya ba zuciyarka zai karanta ba, littafi zai karanta."

Bai yi ƙarya ba, kuma Everton ma a ganina ba ta yi ƙarya ba a kan asalin abin da ya matse ta. Kuɗi ba shi da lamba a goshi. Na gini da na cefane aljihu ɗaya suke kwana. Amma mai hukunci ba zai iya aiki da wannan ba. Idan aka yarda cewa duk bashin da ƙungiya ta ci yayin da take gini na gini ne, to kowa sai ya kafa harsashi a bayan gari ya riƙa sayen 'yan wasa da rance yana cewa siminti ne. Abin takaicin shi ne, da tun farko an juya tsarin, aka karɓo rancen banki da sunan fili, aka bar kuɗin Moshiri ga albashi, da hujjar Everton ta fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali kuɗin da ya fita daga aljihu ɗaya ne. Kwamitin ya bi takarda, ya ƙi ware ruwan, ya ƙara da cewa ƙungiyar ta yi ƙumbiya-ƙumbiya wajen bayyana yadda ake biyan aikin filin.

Sauran uzurorin ba su yi nisa ba. Everton ta ce korona ta kashe kasuwar 'yan wasa, ta ce Richarlison da ta sayar wa Tottenham a kan kusan fam miliyan 60 ta so ya fi haka. Kwamitin ya ce wannan harkar kasuwa ce. Ya kuma nuna wani abu da ya fi komai tona asiri: a kasafin 2021/22 ƙungiyar ta ɗauka za ta ƙare ta 6, ta ƙare ta 16. Kowane mataki a teburin Firimiya miliyoyin fam ne. Wanda ya yi kasafi da amfanin gonar da bai shuka ba, ba fili ne ya cuce shi ba.

Lahadi, ranar Gujungu

Wasan farko bayan hukuncin ya faɗo ranar Lahadi 26 ga Nuwamba, da Manchester United a Goodison. Ranar kasuwar Gujungu ce, lokacin kaka, kowa ya sayar da riɗi ko gero ya dawo da ɗan abu a aljihu, gidan kallon ya cika har ƙofa. An take wasa biyar da rabi, aka shirya za a yi magariba a hutun rabin lokaci. Magoya bayan Everton a Ingila suka ɗaga katuna masu ruwan hoda suna zargin hukumar gasar da rashin gaskiya. Minti uku da farawa Garnacho na United ya tashi sama, bayansa na kallon raga, ya juya ƙwallo ta faɗa kusurwa. Yaran United suka kusa ɗage kwanon da ba a gama biyan kuɗinsa ba. Aka tashi 3-0.

Mutum ɗaya ne a garinmu ke goyon bayan Everton, ƙanin mahaifiyata, tun 1995 da Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya ci Tottenham biyu a wasan kusa da na ƙarshe suka je suka ɗauki kofin FA. A bakin buta ya tare ni.

"Kai ɗan nan, kai ka yi boko. City na da tuhuma 115 tana yawonta, mu da guda ɗaya an yanka mu. Wannan wace irin shari'a ce?"

"Kawu, ku kun amsa laifi, kuna jayayya ne a kan yawansa. Su sun ce sam ba su yi ba."

"Kenan mai gaskiya shi ke shan bulala."

Ban ba shi amsa ba, don akwai abin dubawa a maganarsa, ko da yake shari'un ba iri ɗaya ba ne. Ta Everton lissafi ne: ga iyaka, ga abin da aka haura. Tuhumar da aka yi wa Manchester City a Fabrairun 2023 ta shafi ko alƙaluman da ta bayar tun daga 2009 gaskiya ne, kuma ta musanta duka. Irin wannan sai an bi takarda ɗaya bayan ɗaya.

Everton ta ɗaukaka ƙara. Ranar 26 ga Fabrairu 2024 aka mayar da hukuncin maki 6. Masu sauraron ƙarar sun ce kwamitin farko ya yi kuskure biyu: ya kama ƙungiyar da laifin rashin riƙon amana da ba a tuhume ta da shi ba, kuma bai gwada hukuncin da makamantansa ba. Amma alƙaluman asarar ba su motsa ba. A Afrilu aka sake cire mata 2 saboda lissafin da ya ƙare a 2022/23, inda ta haura da fam miliyan 16.6. Nan ma batun ruwan bashin fili ya sake tasowa, aka jingine shi, sai a Janairun 2025 hukumar gasar ta janye. A tsakani Nottingham Forest ta sha nata, maki 4. Koci Sean Dyche ya ƙare kakar da Everton a ta 15 da maki 40, bayan an kwashe 8.

Wa yafiyar ta amfana

A nan ne nake ganin masu cewa "manya ba sa son na ƙasa ya ɗago" suna da rabin gaskiya, ko da yake ba ta hanyar da suke nufi ba. Doka ta yafe gini a littafi, amma ba ta biya wa kowa buhun siminti. Magoya bayan Arsenal, waɗanda Kanu ya tara mana a Arewa, sun san wannan tun kafin a yi dokar. An koma sabon filin Emirates a 2006, aikin ya ci kusan fam miliyan 390, sannan aka shiga shekarun sayar da Henry, Fabregas, Nasri, Van Persie, ba kofi daga 2005 har 2014. Kocinsu Wenger ya riƙe su a gasar Zakarun Turai duk tsawon lokacin, kuɗinta ya taimaka wajen ɗaukar bashin. Everton ta so ta yi gini irin na Arsenal, ta kuma yi sayayya irin ta masu kuɗin mai, a lokaci guda, ba tare da kuɗin Turai ba.

Wasu kuma ba su gina komai ba. Filin da City ta shiga a 2003 an gina shi ne don wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002, mallakar majalisar birnin Manchester ne, haya take. West Ham ta shiga filin Olamfik na Landan a 2016 a kan hayar da ta fara daga fam miliyan 2.5 a shekara. Dokar ba ta tambayar yadda ka sami filinka. Kuɗin tikitin da yake kawowa kawai take gani, ta buɗe maka iyakar kashewa daidai da shi.

Mu nan gida ba mu ma kai ga wannan gardama ba. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na gwamnatin Kano ne, Pillars ma ta gwamnati ce, haka Jigawa Golden Stars. Ba bashin gini, amma kuma ba kadara. Gwamna shi ne Moshiri, ranar da hankalinsa ya koma wani wuri albashi ya tsaya. A 2020 an mayar da filin wurin killace masu korona, Pillars ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna. Makin da aka taɓa cire mata a kan rikicin 'yan kallo ne, ba a kan littafi ba.

Moshiri bai ci moriyar ginin ba. Cinikin da ya ƙulla da kamfanin 777 Partners ya wargaje a 2024, a Disambar shekarar kamfanin Friedkin na Amurka, masu Roma, suka karɓi ƙungiyar. An buga wasan maza na ƙarshe a Goodison ranar 18 ga Mayu 2025, aka bar wa ƙungiyar mata gidan. Sabon filin, mai ɗaukar sama da mutum dubu 52, ya sami sunan Hill Dickinson, wani kamfanin lauyoyi, aka buɗe shi a Firimiya da cin Brighton 2-0 a Agustan 2025.

Akwai dai wadda ta fi Kawu dalilin ƙorafi. Laifin an yi shi ne a lissafin da ya ƙare a 2021/22, hukuncin ya zo bayan kaka biyu, a shekarar da Luton da ta faɗa a ta 18 maki 26 kawai ta haɗa, don haka cire 8 bai kai Everton ko bakin rami ba. A 2021/22 kuwa Everton ta ƙare da maki 39, Leeds 38, Burnley ta faɗa 'yan dagaji da 35. Cire 6 daga 39, saura 33. Burnley ta yi wannan lissafin, ta shigar da ƙarar neman diyya.